Jaririna na kuka daga magariba har tsakar dare, Inna tace ciwon cibiya ne, dan Allah a bani shawara

Amaryar Ƙofar Ƙaura ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema don wallahi abin ya fara fin ƙarfina. Haihuwar fari ce, yau kwanan mu 34, nazo wanka gida Daura amma aurena a Katsina yake. Lafiya lau aka haife shi, sati biyun farko ko kukanshi ba'a ji sai in yunwa ta taso, har Inna na cewa wannan ba ruwanshi halin ubanshi ya ɗauko. To bayan suna da kamar sati ɗaya sai abu ya canza. Da rana ƙalau yake, yasha nono yayi baccinshi, amma da an kira magariba kamar an kunna rediyo, zai fara miƙa yana murɗe-murɗe ya naɗo ƙafafu zuwa ciki ya dunƙule hannu fuskar nan tayi jajir, cikin yayi tam kamar ganga, in kika kara kunne har ƙugi kike ji. In na bashi nono ya kama ya ja sau biyu sau uku ya saki ya ƙara ƙwalla ihu, in yayi tusa ya ɗan lafa minti biyar sai a koma ruwa. Jiya sai sha ɗaya da rabi yayi shiru, ni kaina sai da na juya baya nayi nawa kukan.

Yanzu gidan kowa da maganarshi. Inna tace ciwon cibiya ne saboda ban bari an gasa mashi cibi da kasko ba, wani mai aka bamu a asibiti shi muka riƙa shafawa har ta faɗi. Gwaggo tace nonona ne yayi zafi a jiƙa mashi dauri a riƙa ɗiga mashi zuma, maƙwabciyarmu kuma tace kukan magariba ba na lafiya bane a nemo rubutu. Shi kuma maigidan ya aiko direba da kwalbar giraif wota daga kemis, tana nan kan madubi ban buɗe ba, don a wajen awo sun ja mana kunne nono zalla har wata shida ko ruwa kar a bayar. In nayi magana Inna tace bani da kunya ina rawar jiki kan ɗan fari. Dan Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta faɗa mani mi tayi.

Ummu Hanifa ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jego Allah ya raya. Wallahi ina karantawa ina dariya ba don mugunta ba, kamar labarin ɗiyata ta biyu kike bayarwa, ita har maƙwabta sun san lokacinta, in ta fara sai kiji ana cewa to Hajiyar Rafin Daɗi ta tashi aiki. Huɗu gareni, biyu sunyi wannan kukan biyu basu yi ba, kuma nono ɗaya suka sha abinci ɗaya nake ci, don haka maganar nononki ya lalace ki cire ta daga ranki tun yanzu.

Abinda na gane a kaina shine bana sa ta tayi gyatsa. Da ta saki nono tayi bacci sai in lallaɓa in kwantar don kar ta farka, ashe iskar da ta haɗiya tana nan zaune. Sai na koma duk shan da tayi in ɗora ta a kafaɗa cikinta ya manne da ƙirjina in riƙa shafa bayan daga ƙasa zuwa sama ina ɗan bubbugawa a hankali, wani lokacin minti biyu kiji gaaat kamar wani babban mutum ya tashi daga kan tuwo, wani lokacin har minti goma shiru, in shiru ne kar ki matsa ba dole bane kullum sai tazo. Ki sa tsumma a kafaɗar don tumbuɗi, ni atamfofina nawa suka tafi a haka. Kuma kar ki jira sai ya gama duka, in zaki canza mashi nono ki tsaya a tsakani yayi gyatsar tukuna.

Sai tausa. Bayan wankan yamma, ba wai yana gama sha ba, ki shimfiɗa shi kan cinyarki rigingine ki ɗan murza man zaitun ko man kaɗe a tafin hannu yayi ɗumi, ki riƙa zagaya cibiya da yatsu biyu yadda hannun agogo ke tafiya, sannan ki kama ƙafafun ki riƙa yi mashi kamar yana tuƙa keke, ki tura gwiwoyin su taɓa ciki ki ɗan riƙe ki saki. Zaki sha mamakin tusar da zata fito daga ɗan mutum ƙarami haka. In kukan ya riga ya kama kuma, ki kifa shi kan damtsen hannunki, kai wajen gwiwar hannu tafinki tsakanin ƙafafunshi, ki riƙa zagaya tsakar gida. Tawa wannan kaɗai take yarda dashi, shi da goyo. Amma fa in yayi bacci ki kwantar dashi rigingine, kifawar ta lokacin da yake hannunki ce idonki biyu.

Ranar da ta cika wata uku da 'yan kwanaki muna zaune har aka yi isha'i bamu ji komai ba, babansu yace ku duba yarinyar nan ko lafiya.

Sista Mai Awo ta amsa:

Sannu 'yar uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce ɓangaren mata da yara, bazan iya cewa ga abinda ke damun yaro ban ganshi ba, amma yadda kika kwatanta yayi kama da abinda muke kira kolik. Akwai wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, tun 1954 ya fitar da ma'aunin da har yau ake ambato: jariri mai lafiya yana cin nono yana girma amma yana kuka sama da awa 3 a rana, kwana 3 ko fiye a sati, har sati 3. Yawanci yana farawa wajen sati biyu da haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen sati shida, ya tafi da kanshi tsakanin wata uku zuwa huɗu. Kinga kenan ke yanzu kina dab da tsakiyar wahalar, zai iya ɗan ƙaruwa sati mai zuwa kar hankalinki ya tashi. Kusan jariri ɗaya cikin biyar na yinshi, na nono da na madarar gwangwani duka, kuma da yamma yafi tashi a ko'ina a duniya har inda basu san kiran magariba ba.

Wani abu da mutane basu lura dashi, ba kullum iska ce ke kawo kukan ba, sau da yawa kukan ne ke kawo iskar, yana ihu yana haɗiyar iska ciki ya cika yayi tusa mu kuma muce ai ga dalilin. Shi yasa ɗaukarshi da wuri kafin kukan yayi nisa yake taimakawa.

Abu na farko da zan so ki duba shine yadda yake kama nonon, nan ne mafi yawan masu haihuwar fari ke samun matsala. Ki juyo dashi gaba ɗaya cikinshi na kallon cikinki, kanshi ya ɗan fi cikin tudu, ki jira ya wangale baki sosai kamar mai hamma sannan ki kawo shi ga nonon, ba ke zaki duƙa ki kai mashi ba. In ya kama daidai haɓarshi na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin nan na kewaye yana cikin bakin ba kan nonon kaɗai ba. In kina jin yana tsat tsat da baki, ko kumatun na lotsawa, ko kan nononki na zafi yana tsagewa, to kamun bai yi ba iska yake sha tare da nonon, ki zura ɗan yatsanki mai tsafta ta gefen baki ki cire a sake. Sannan ki barshi ya gama da nono ɗaya har yayi laushi kafin ki juya shi, don na farko-farko ya fi ruwa-ruwa, maiƙon yana ƙaruwa ne can gaba, yaron da ake ta canza ma nono bayan minti uku-uku sai kiga kashinshi kore mai kumfa cikin na ƙugi. Kince yana ja sau biyu ya saki, in kin lura nonon na feso mashi da ƙarfi yana ƙwarewa, ki ɗan tatse kaɗan a tsumma kafin ki bashi ko ki jingina baya ki ɗora shi a kanki.

Maganar abin sha kuma zan faɗa kai tsaye, ki bawa su Gwaggo haƙuri. Zuma ba'a bawa yaro sai ya cika shekara 1, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya da ita amma na jariri baya iyawa, tana saki jikin yaro har numfashi ya gagara. Dauri da jiƙe-jiƙe ba wanda ya san ƙarfin abinda ke ciki, ga ruwan da aka jiƙa, ga ƙoƙon da aka zuba, daga neman maganin kuka sai a jawo gudawa. Ruwa ma baya buƙata ko da zafin Daura ne, kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Giraif wota kuwa tsohon abu ne, wani mai haɗa magani William Woodward ya fara shi a Ingila 1851, na asalin har da giya da suga a ciki, yanzu mafi yawa sun cire giyar amma babu wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa yana maganin kolik, zaƙin ne ke sa yaro yayi shiru na ɗan lokaci. Su Infacol, maganin iskar ciki na jarirai, ma haka, wasu iyaye sunce sun ga sauƙi amma da aka gwada ba'a ga wani bambancin kirki ba. Kuma ni duk sirof ɗin jarirai ina taka tsantsan dashi tun abin My Pikin ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙori ne da aka samu guba a ciki yara 84 suka rasu a ƙasar nan, ƙoda yake lalatawa. Kar ki bada komai sai wanda likita ya rubuta bayan ya duba shi, shima ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Cibiya ba ruwanta, man da aka baku ya yi aikinshi tunda ta faɗi ta warke ba ruwa ba wari. In kinga tana ɓullowa lokacin kuka kar a ɗaure ta da kwabo kar a gasa, yawanci tana komawa da kanta yaro na girma.

Amma ga inda ba'a jira gari ya waye: jiki yayi zafi ma'auni ya kai 38 ga yaron da bai kai wata uku ba, ko jikin yayi sanyi ƙalau, amai kore ko amai mai feshi duk shan da yayi, jini a kashi, ya ƙi nono gaba ɗaya, cikin ya kumbura yaƙi saɓewa ko bayan kukan ya wuce, kumburi a matsematsi ko maraina, maɗiga ta faɗa ko ta kumburo, numfashi sama-sama, ko kukan ya koma wani siriri jikin ya saki. Ko ɗaya kika gani ku tafi babban asibitin Daura ko da tsakar dare ne. In ba haka ba, kwana takwas ya rage ya cika sati shida, ranar rigakafi ki sa a ɗora shi a sikeli a gwada da nauyin haihuwa, kuma ki bashi nono a gaban ma'aikaciyar ta ga kamun da idonta. Yana jiƙa famfas kamar sau shida a rana? In eh to nono na isarshi.

Hajiya Babba ta amsa:

Ɗiyata sannu, Allah shi raya shi bisa sunna. Ni jikokina tara, ɗiyata ce ta sa ni cikin wannan zauren don in riƙa ganin abinda kuke tattaunawa. Sista ta faɗi nata kuma ban musa mata ba, mu lokacinmu an bada dauri an bada komai, waɗanda suka rayu sun rayu, waɗanda suka tafi kuma ba wanda ya tsaya tambayar mi ya faru sai ace kwana ya ƙare. Ni na binne biyu, ban ce dauri bane, amma jikokina ko ɗaya ban yarda an ɗura ma wani abu ba.

Abinda zan ce maki kan Innarki ne. Kar ki ce mata a waya aka faɗa maki, nan zaki ɓata komai, uwa bata son ace ɗiyar da ta goya ta fi ta sanin jariri. Tsohuwa in tana jin kuka hannunta ba aiki shi yasa take neman abin jiƙawa, to ki bata aikin. Ana sallame magariba ki miƙa mata shi kice Inna ni na rasa yadda zan yi ke ya fi yarda dake, ta goya shi da majanyi ta zaga tsakar gida, ke ki samu ki ci tuwonki da zafi ki sha kununki ki ɗan miƙe. Tausar nan da Ummu Hanifa ta faɗa ai tamu ce tun kaka da kakanni, ita za ta fi ki iyawa. Addu'a kuma ba mai hana ki, a tofa a hannu a shafe mashi jiki, Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ba sai an wanke allo an bashi ya sha ba. Ranar rigakafin ki tafi da ita ƙafarta ƙafarki ta ji daga bakin masu farin kaya da kunnenta.

Kuma ku rage turaren wuta a ɗakin, na san mai jego da son ƙamshi, ku turara kayan a waje.

Baban 'Yan Biyu ya amsa:

A gafarce ni na shigo zauren mata. Namu 'yan biyu ne kuma Hassan ɗin ne mai kukan, in ya fara sai ya tada Usaina a haɗu a yi mana biki. Ni na gano ƙarar fanka ko janareton maƙwabci na sa shi shiru, ranar da ba wuta kuma mota nake sa su da uwar mu zaga daga Layout zuwa Ƙofar Soro mu dawo, kafin mu kai yayi bacci, muna kashe mota ya farka, man da na ƙona Allah kaɗai ya sani. Maigidanki kar ki ga laifinshi, mu maza in abu ya dame mu kemis muka sani. Kice mashi ya bar aiko kwalba ya zo da kanshi ran Juma'a, Katsina zuwa Daura ai ba nisa, ya ɗauki yaron ko na awa ɗaya ne in surukai sun bari. Abu ɗaya da likita ya gargaɗe ni kuma na riƙe, duk yadda ranka ya ɓaci kar ka girgiza jariri da ƙarfi, ƙwaƙwalwarshi bata ɗauka, in kaji ka kai maƙura ka kwantar dashi wuri mai kyau ka fita ka sha iska minti biyar ka dawo.

Amaryar Ƙofar Ƙaura ta sake rubutawa:

Nagode sosai wallahi Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ƙara girma ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sista famfas kam yana jiƙawa har fiye da shida, kuma kin taɓo ni don kan nonon hagu ya tsage tun satin farko ina cije baki in zan bashi, na ɗauka haka ake yi. Tambayata abinci, kullum sai nasha fura da nono da rana, ga kunun kanwa safe da yamma, ga shayi kofi uku ko huɗu don bacci, Gwaggo kuma ta hana ni wake da kabeji wai suna sa mashi iska. Mi zan bari?

Sista Mai Awo ta amsa:

Shayarwa bata kamata tayi zafi ba, tsagewar nan ita ce shaidar kan nono kaɗai yake kamawa, ki gyara kamun ki riƙa shafa ɗigon nononki a wurin ki barshi ya bushe. Wake da kabeji ki ci abinki, iskar da suke yi a hanjinki take tsayawa bata bi ta nono. Shayin ne zan ce ki rage ya koma kofi ɗaya ko biyu da safe, shi da goro da lemon kwalba mai baƙi, don abinda ke hana ki bacci a cikinsu yana ɗan ratsawa nono kuma jikin jariri na daɗewa bai fitar dashi ba. Furarki ki cigaba da sha. Akwai yara ƙalilan da jikinsu baya karɓar nonon shanu ko ta jikin uwa ya biyo, amma su sai kiga da ƙuraje ko kirci, amai da yawa, majina ko ɗigon jini a kashi, irin su ne likita ke cewa uwa ta bar madara da kindirmo sati biyu zuwa huɗu a gani. Ke da baki ga ko ɗaya ba kar ki hana kanki abinci kina jego. Kanwa kuma don ke nake ji ba don shi ba, gishiri ce, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shanta tare da ruwan zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, a rage hannu sosai in ana damawa, kuma in kinji haki ko ƙafa na kumbura kar ki zauna.

Amaryar Ƙofar Ƙaura ta sake rubutawa:

Salam, nace bari in dawo in faɗa maku. Munje rigakafi jiya da Inna, ya ƙara sama da kilo ɗaya akan na haihuwa, nas ɗin ta gyara mani riƙon da hannunta sai naji ashe ba zafi. Ita ta yi ma Inna bayanin zuma, Inna tace ita dama bata ce a bashi ba Gwaggo ce. Kukan bai daina ba gaskiya, shekaranjiya ma sai goma saura, amma yanzu a bayan Inna yake yinshi ni ina ɗaki ina cin abinci, tana zagayawa tana mashi kirari wai sarkin magariba. Kwalbar maigida na nan kan madubi, yace in ajiye mashi zai maida kemis ɗin ko za su canza mashi da famfas.